Sanyin Ɗaki da Lafiyar Tsofaffi a Lokacin Hunturu

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa wajen tsakiyar Maris, wata busasshiyar iska takan taso daga Sahara ta fuskar arewa maso gabas, ta ratsa kudancin Nijar da arewacin Najeriya har ta dangana da bakin tekun Atilantika, kuma isowarta ita ce shigar hunturu. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele yake fitowa, a arewacin ƙasar Chadi, wanda busasshen gindi ne na wani tsohon tafki da ya ninka tafkin Chadi na yau sau da yawa, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi farar ƙasa mai laushi ta yi sama da ita. Da yake babu laima a cikin iskar, babu kuma gajimaren da zai tare zafin da ƙasa ta sha da rana, wannan zafi yakan tsere da zarar rana ta faɗi. Shi ya sa a Kano, a watannin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi yakan kai wajen digiri 30 na Salshiyas da azahar, amma kafin asuba ya sauko wajen digiri 13, a Jos a wasu darare ya yi ƙasa da digiri 10, a garuruwan hamada irin su Bilma kuwa wani lokaci ya kusanci sifili.

Wanda ya kwatanta waɗannan alƙaluma da na ƙasashen Turai, inda ruwa ke daskarewa a kan titi, zai iya ɗaukar hunturu a matsayin takurar 'yan makonni wadda ba ta wuce mura da kaushi da tsagewar leɓe ba. Ga saurayi mai jini a jika hakan gaskiya ne, amma ga dattijon da ya haura shekara saba'in, ko tsohuwar da ke fama da hawan jini, lissafin daban ne, domin abin da binciken likitoci ya tabbatar shi ne cewa ba sai sanyi ya yi tsanani yake kisa ba, kuma har a cikin ɗakin kwana yakan yi ɓarnarsa.

Jikin ɗan Adam yana riƙe ɗuminsa na ciki a wajen digiri 37, kuma yana da hanyoyi biyu manya na kare wannan ɗumi idan iska ta yi sanyi. Ta farko ita ce tsuke ƙananan jijiyoyin jini da ke ƙarƙashin fata, don jini ya koma ciki wurin zuciya da huhu da hanta, wanda shi ne dalilin da hannu da ƙafa ke fara yin sanyi kafin sauran jiki. Ta biyu ita ce rawar ɗari, wato karkarwar tsoka, wadda ke ƙona abincin da jiki ya adana ta mayar da shi zafi. Tsufa yana raunana duka biyun. Tsoka tana raguwa da shekaru, kitsen ƙarƙashin fata yana yin siriri, jijiyoyin jini ba sa tsukewa da sauri kamar da, kuma abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne cewa fatar tsoho ba ta saurin gane sauyin yanayi, ta yadda ɗaki zai iya yin sanyi sosai alhali mai ɗakin yana cewa shi bai ji komai ba. Ciwon suga, da raunin wata halitta da ke maƙogwaro mai daidaita ƙona abinci a jiki, da magungunan sa barci, da wasu magungunan zuciya, duk suna ƙara rage wannan kariya. Don haka tambayar da 'ya'ya suka saba yi wa iyaye, ko suna jin sanyi, ba ta wadatar ba, sai an taɓa jikinsu an kuma lura da yanayin ɗakin.

Tsukewar jijiyoyin nan da ke kare ɗumin jiki tana da nata farashi, kuma zuciya ce ke biya. Idan hanyoyin jini suka ƙuntata, dole zuciya ta ƙara ƙarfin turawa, sai awon jini ya hau, sannan jiki ya rage ruwan da ke cikin jini ta hanyar yawan fitsari, jinin ya yi kauri, ya fi saurin yin guda. A shekarar 1984 wani masanin aikin jiki na Landan, William Keatinge, tare da abokan aikinsa, sun wallafa sakamakon wani gwaji inda suka zaunar da mutane masu ƙoshin lafiya na tsawon awa shida a cikin iska mai kaɗawa wadda zafinta digiri 24 ne kacal. Ɗumin cikin jikinsu bai ragu da ko rabin digiri ba, amma kaurin jininsu ya ƙaru da kashi 21 cikin ɗari, awon jininsu kuma ya tashi daga 126 bisa 69 zuwa 138 bisa 87. Digiri 24 ba sanyi ba ne a wurin kowa, kuma mutanen da aka yi gwajin da su lafiyayyu ne. Idan aka ɗora irin wannan sauyi a kan jijiyoyin da shekaru suka riga suka taurara, sakamakon na iya zama toshewar jijiyar zuciya, abin da ake kira bugun zuciya, ko toshewa ko fashewar jijiyar ƙwaƙwalwa, wanda ke haifar da shanyewar ɓarin jiki. Irin wannan mutuwa ba a rubuta ta da sunan sanyi, kuma a gidajen makoki ba a danganta ta da shi, sai dai a ce tsoho ya kwanta lafiya bai tashi ba.

Wani babban bincike a kan wannan batu ya fito a mujallar likitoci ta Lancet a shekarar 2015, ƙarƙashin jagorancin Antonio Gasparrini, inda aka duba mutuwar mutane fiye da miliyan 74 a wurare 384 na ƙasashe 13 tsakanin 1985 da 2012. An gano cewa sama da kashi 7 cikin ɗari na waɗannan mace-mace suna da alaƙa da sanyi, zafi kuwa bai kai rabin kashi ɗaya ba, kuma mafi yawan na sanyin sun auku ne a ranakun da sanyin matsakaici ne, ba a ranakun da ya yi tsanani ba. Babu ƙasar Afirka a cikin waɗanda aka duba, amma akwai Barazil da Tailan, ƙasashe masu zafi, kuma a can ma sanyi ya fi zafi kisa. Kafin wannan, a shekarar 2003, wani mai bincike ɗan ƙasar Ayalan, John Healy, ya kwatanta ƙasashen Turai 14, ya tarar cewa a Fotugal, inda sanyi ke da sauƙi, mace-macen lokacin sanyi sun ɗara na sauran shekara da kashi 28 cikin ɗari, a Sifen da Ayalan da kashi 21, amma a Finlan, wadda ƙanƙara ke rufewa wata da watanni, da kashi 10 kawai. Bayanin wannan abin mamaki ba shi da wuya. Mutanen Finlan sun gina gidajensu don sanyi, suna da tufafinsa, sun kuma san haɗarinsa, mutanen Fotugal kuwa sun gina nasu don zafi, sanyi yana zo musu a matsayin baƙon da ba a yi wa tanadi ba.

Halin da ƙasar Hausa take ciki ya fi kama da na Fotugal. Wata tara ko goma na shekara zafi ake gudu, saboda haka duk dabarar gini ta karkata ga neman iska da inuwa. Sai dai ginin gargajiya, mai katangar tubali mai kauri da rufin soro na azara da ƙasa, yana da wata fa'ida da ba a cika yaba masa ba, domin ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ta riƙe shi, sannan ta sake shi cikin ɗaki da dare, ta yadda bambancin dare da rana a cikin ɗakin ba ya yin yawa. Ginin bulo na siminti mai rufin kwano ba shi da wannan hali, musamman idan ba a yi masa silin ba. Kwano yana ɗaukar zafi nan take, yana kuma sakinsa nan take, kuma a daren da sama take tarwai yakan yi sanyi har ya fi iskar da ke kewaye da shi, sai ɗakin da ya gagari zama da azahar ya koma kusan daidai da tsakar gida kafin asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idojinta na gidaje da lafiya na shekarar 2018, ta ba da shawarar kada ɗumin cikin ɗaki ya yi ƙasa da digiri 18 a lokacin sanyi, ta kuma nuna cewa tsofaffi da marasa lafiya na iya buƙatar fiye da haka. Ɗakin kwano marar silin, mai taga da ba ta rufuwa sosai, a daren da waje ke digiri 12 ko 13, da wuya ya cika wannan ƙa'ida. Abin lura kuma shi ne, idan iyali suka yi sabon gini, ɗakin da ake kammalawa da silin da labule da kafet yawanci na amarya ne ko na baƙi, ɗakin tsohuwa kuwa a ce nan gaba.

Maganin da aka gada shi ne kasko da garwashi, kuma a nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago. Gawayi, idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma sa tari ko hawaye da za su faɗakar da mutum. A cikin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, wanda aikinsa ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki, kuma wannan guba tana manne masa da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, saboda haka ko kaɗan ce a cikin ɗaki, a hankali take mamaye jini ta hana shi aikinsa. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda kowa zai ɗauka mura ce ko zazzaɓi, daga nan sai ruɗewa, sai suma, kuma wanda ta riska yana barci ba ya farkawa balle ya nemi ƙofa. Akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu, cewa idan gawayi ya ruru ya zama jan garwashi, hayaƙi ya ƙare, to haɗari ya wuce. Gaskiyar ita ce garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar har ya mutu, kuma tsoho mai ciwon zuciya ko ƙarancin jini ya fi kowa saurin faɗuwa a gabanta. Hukuncin janareto da ake tayarwa a baranda ko a zaure kusa da tagar ɗakin kwana ɗaya ne da na kasko.

Ba gubar kaɗai ba ce illar wuta a ɗaki. Hayaƙin itace da kara yana cike da ƙananan ɓurɓushi masu shiga can cikin huhu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓacewar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020. Ga kuma gobara, wadda hunturu lokacinta ne, tun da komai a bushe yake, iska kuma tana kaɗawa, kuma gefen zane ko bargo ya ishe ta. Mai ciwon suga da ya daɗe da shi sau da yawa jijiyoyin ji na ƙafarsa sun mutu, yana iya miƙa ƙafa kusa da garwashi har ta ƙone bai sani ba, kuma irin wannan ƙuna ce ke zama gyambon da ke kai wa ga yanke ƙafa. A ce wa talaka ya daina jin ɗumi alhali ba a ba shi madadi ba magana ce da ba za ta yi tasiri ba, amma akwai iyakar da kowa zai iya kiyayewa: a hura gawayi a waje, a ɗumama ɗaki da shi ƙofa a buɗe kuma da mai lura a wurin, sannan a fitar da kaskon gaba ɗaya kafin a rufe ƙofa a kwanta.

Abin da ya fi wuta amfani, ya kuma fi ta araha, shi ne hana ɗumin jiki tserewa. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, domin iskar da ke maƙale tsakaninsu ita ce ke riƙe ɗumi, kuma ana iya rage su idan rana ta ɗaga. Babbar riga da zane, duk da yalwarsu, iska tana ratsa su ta wuya da hannu da ƙasa, don haka rigar sanyi a ciki take aiki, tare da dogon wando, da safa, da hular da ke rufe kunne, kuma a kwana da su. Wurin kwanciya ma yana da muhimmancin da ya kai na abin rufa, domin daɓen siminti yana zuƙe zafin jiki kai tsaye, kuma tabarma ɗaya ba ta hana shi. Gado ko katifa shi ne daidai, in babu su a shimfiɗa kwali ko buzu ko tsohon bargo ƙarƙashin tabarmar, a kuma janye shimfiɗar daga jikin bango da saitin ƙofa. Toshe ɓarakar taga da ƙasan ƙofa da tsumma, da rataya labule mai kauri, da rufe ɗaki tun la'asar kafin ɗumin yini ya fice, suna ƙara wa ɗaki ɗumi ba tare da an kashe ko kwabo ba, muddin babu wuta a ciki. Kwalbar ruwan ɗumi da aka rufe sosai aka naɗe a tawul tana ɗumama shimfiɗa, amma ga mai ciwon suga gara a cire ta kafin ya kwanta. Wanda yake da halin yi wa iyayensa hidima guda ɗaya mai ɗorewa, silin ya kamata ya fara yi, domin yana amfani a hunturu yana kuma amfani a bazara.

Lokaci mafi sanyi a cikin awa ashirin da huɗu shi ne gab da fitowar rana, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa awon jini yakan hau da kansa a lokacin farkawa, shi ya sa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka fi aukuwa daga asuba zuwa hantsi. A daidai wannan lokaci ne dattijo ke fita daga bargo, ya tsaya a tsakar gida ya yi alwala da ruwan da ya kwana a buta, ya taka zuwa masallaci da jiƙaƙƙun hannuwa da ƙafafu cikin iska, kuma tsofaffi su ne suka fi kowa riƙo da sahun farko. Wannan himma abar girmamawa ce, kuma ba ta buƙatar a hana ta, tana buƙatar a yi mata tanadi. Alwala da ruwan ɗumi ta halatta, kuma fulas ɗin da aka cika tun dare ya wadatar. Shari'a ma ta yi sauƙi fiye da yadda wasu tsofaffi ke yi wa kansu, domin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa sun halatta taimama ga wanda ke tsoron ruwa zai jawo masa ciwo ko ya ƙara masa wanda yake da shi, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Amru ɗan Asi ya yi taimama maimakon wanka a wani dare mai sanyi a yaƙin Zatus Salasil, Manzon Allah (SAW) bai zarge shi ba. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar izinin yin salla a gida a daren sanyi da ruwan sama. Irin wannan bayani ya fi karɓuwa daga bakin limamin unguwa fiye da bakin ɗa ko jika. Wanka kuwa, in ba na wajibi ba ne, a jinkirta shi zuwa lokacin da rana ta yi zafi, a yi shi da ruwa mai ɗumi wanda wani ya gwada da hannunsa, a wurin da iska ba ta bugawa, a kuma goge jiki a sa tufafi nan take.

Ƙurar hunturu tana busar da hanci da maƙogwaro, tana raunana majinar da ke tare ƙwayoyin cuta, tana kuma tayar da asma da tsohon tari. Takunkumi ko gefen rawani ko mayafi a kan hanci a ranakun da hazo ya yi kauri, da yayyafa ruwa kafin shara, da goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa, suna rage abin da ake shaƙa. Ciwon nimoniya, wato kumburin huhu da ake kira sanyin haƙarƙari, a jikin tsoho ba lallai ya zo da zazzaɓi mai zafi ba, sau da yawa alamarsa saurin numfashi ne da ƙin abinci da ruɗewa. Kaushi da faso kuma man kaɗanya ko basilin bayan wanka ya ishe su, sai dai fason ƙafar mai ciwon suga a nuna wa ma'aikacin lafiya tun yana ƙarami.

Jin ƙishirwa yana raguwa da tsufa, sanyi yana ƙara rage shi, busasshiyar iska kuma tana ɗebe ruwan jiki ta numfashi ba tare da an ga gumi ba, ga wasu tsofaffi da gangan suke ƙin sha don gudun fita fitsari da dare. Wannan ƙarancin ruwa yana ƙara wa jini kauri a lokacin da sanyi ya riga ya kaurara shi. Mafita ita ce a miƙa musu abin sha mai ɗumi sau da yawa da rana ba sai sun nema ba, a rage da dare, a kuma ajiye fo da tocila kusa da shimfiɗa. Koko da kunun gyaɗa da kunun tsamiya da shayi mai citta da farfesu duk sun dace, kuma tun da abinci shi ne makamashin da jiki ke ƙonawa, tsohon da ya kwana da yunwa ya fi saurin sanyaya. Wake da ƙosai da alale da gyaɗa da ƙwai da nono suna taimakawa wajen riƙe tsoka. Kunun kanwa ne kaɗai ke buƙatar taka-tsantsan, duk da sunan da ya yi na ɗumama jiki, domin kanwa tana cike da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, wanda ke tara ruwa a jiki ya ɗaga awon jini. Mai shan maganin hawan jini kada ya tsallake shi a wannan lokaci, kuma yana da kyau a auna jininsa a farkon hunturu da tsakiyarsa.

Akwai wata illa ta sanyi da ba a ganinta sai ya wuce, wato zaman wuri ɗaya. Tsohon da ke jin ciwon gwiwa da ƙugu ya ƙaru yakan lafe a shimfiɗa yini guda, iyali kuma su ga hakan hutu ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2007 ya nuna cewa tsofaffi lafiyayyu da aka kwantar a gado kwana goma sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu, kuma tsokar da ta tafi a waɗannan shekaru da wuya take dawowa. Raunin ƙafa shi ke kawo faɗuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutane kimanin 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Hukumar ta ba tsofaffi shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa kwana uku a mako, kuma ba a buƙatar fili ko na'ura don cika wannan. Tashi daga kujera a zauna sau da yawa a jere, da zagaya tsakar gida, da ɗaga dunduniya ana dafe da bango, da tattaki zuwa majalisa ko gidan maƙwabta bayan rana ta ɗaga, duk motsa jiki ne. Al'adar shan hantsi, inda dattawa ke fitowa su zauna a jikin bangon da rana ta fara bugawa, tana haɗa ɗumi da tafiya da hira a lokaci guda, kuma hirar ba ƙaramin abu ba ce, domin a majalisa ake fara lura idan wani bai fito ba. Tsofaffi mata, waɗanda ba su da irin wannan majalisa a waje, sun fi buƙatar a tanadar musu wurin rana a cikin gida, a kuma bar musu ƙananan ayyukan da suka saba, irin su tsince wake da ɓarar gyaɗa da kula da jikoki, maimakon a karɓe komai da sunan girmamawa.

Idan ɗumin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga halin gaggawa. Alamunsa su ne ruɗewa, da magana tana harɗewa, da barci mai nauyi, da numfashi a hankali, da sanyin fatar ciki da ƙirji, kuma a jikin tsoho rawar ɗari na iya ɓacewa gaba ɗaya, abin da ke yaudarar masu jinya su ɗauka sauƙi ya samu. Abin yi shi ne a cire duk jiƙaƙƙen tufafi, a lulluɓe ƙirji da ciki da kai tukuna, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi idan yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a kuma garzaya da shi asibiti. Ba a murza masa hannu da ƙafa, ba a tsoma shi cikin ruwan zafi, ba a kuma kara shi da wuta, domin buɗe jijiyoyin fata farat ɗaya na iya sa awon jini ya faɗi, zuciya ta rikice. Karkacewar baki, ko mutuwar hannu ɗaya, ko sarƙewar harshe, ko ciwon ƙirji mai danna mutum, su ma ba a jira su zuwa wayewar gari.

Ƙasashen da suka ɗauki wannan batu a matsayin lamarin hukuma sun fara ne da ƙidaya. A Ingila da Wales ofishin ƙididdiga ya lissafa cewa a sanyin 2017 zuwa 2018 an samu ƙarin mace-mace kusan 50,000 a kan na sauran watanni, mafi yawansu tsofaffi. A 1997 gwamnatin Birtaniya ta fara biyan 'yan fansho kuɗin ɗumama gida, tana kuma ba masu ƙaramin ƙarfi fam 25 a duk lokacin da aka yi kwana bakwai a jere ma'auni yana sifili ko ƙasa da haka, ga allurar rigakafin mura kyauta ga duk wanda ya kai shekara 65. Najeriya ta kafa dokar Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa wadda aka sa wa hannu a 2018, ta kuma amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, amma ba tsarin Birtaniya take buƙatar kwafowa ba, tun da bargo da safa da silin, ba kuɗin gas ba, su ne buƙatar tsohon Kano ko Damagaram. Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya tana fitar da gargaɗin hazo, wanda galibi masu jiragen sama da direbobi ke amfana da shi, kuma babu abin da zai hana gidajen rediyo su riƙa karanta hasashen sanyin dare da Hausa tare da gargaɗi kan kasko. Masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin mata sun san gidan da tsohuwa ke kwana ita kaɗai, sun san dattijon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani, kuma su ne za su iya sa a riƙa leƙa su safe da yamma. Hukumomin zakka da attajirai da 'yan siyasa masu rabon barguna kuwa su riƙa yin rabon a watan Nuwamba, su kai shi har ɗakin waɗanda ba sa iya fitowa layi, domin bargon da aka raba a ƙarshen Janairu ya tarar da fiye da rabin hunturu ya wuce.